Wa Zai Yi Magana da Yawun Kitione?

Lomaloma, 2 ga Nuwamba, 1998

Zuwa ga ƙanena Kitione, Baban Unaisi,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya, kai da maƙwabtanka a Suva. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da ta rantse ba zan hau tudun coci ba sai ta sanar da kowa. An yi ruwa, gwaza ta yi kyau. Aladen maƙwabcina ya ɓalle ya shiga gonar fasto ranar Lahadi, an sha kallo.

'Yarka Unaisi ta rubuto mini daga Sydney. Ta ce ta saya maka tikitin babban jirgin ruwan nan na yawon shaƙatawa, wanda zai tashi daga Auckland ya kai ka wurinta, tunda ka ajiye aiki kuma gida ya yi maka faɗi tun rasuwar matarka. Allah ya yi mata albarka. Wanda ya ƙare rayuwarsa yana sassaƙa wa mutane kwalekwale ai ya cancanci a tuƙa shi ko sau ɗaya yana kwance. Sai dai ta kuma ce za ka kwana uku a Auckland kai kaɗai kafin jirgin ya tashi. Nan na ajiye takardar, na ɗauko alƙalami.

Ka san ni da kai ba ma zama mu yi hira ido da ido, haka muka tarar tsakanin mace da ɗan'uwanta namiji. To, takarda ba ta da ido, don haka ka saurara. Autanmu Eroni yana Auckland. Shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar Inna. Ya aiko da waya ya ce a jira shi, ka jira kwana uku, ran na huɗu ka rufe ta, washegari jirginsa ya iso. Ya tsaya kan kabarin ya ce kada wanda ya ɗora siminti a nan sai wanda ya rufe ta ba da shi ba ya zo ya same shi. Ya juya ya bi jirgin da ya kawo shi. Tun ranar ba ku sake magana ba, kuma tun ranar ni nake cire ciyawa. Kaburburan kowa an gine su fari tas, na Inna tulin ƙasa ne kamar ba ta haifi maza ba. Abin yana yi mini ciwo, kuma shekaruna saba'in da biyu.

Na ba kyaftin ɗin jirgin kaya wani ƙunshi ya kawo maka. Tambua ce ta Baba, haƙorin ƙaton kifin tekun nan mai igiyar zaren kwakwa, wanda aka kai lokacin neman auren Inna aka maido mana da shi a haihuwarka. Ba abin da ya fi ta girma a gidanmu, kuma ba a taɓa miƙa ta don neman gafara an mayar da hannu ba. Ka kai wa Eroni.

Na san abin da za ka ce: namiji ba ya neman gafara da bakinsa, sai an samu kakaki ya yi magana da yawunsa. Na riga ka. Na rubuta wa Ulaiasi, dattijon cocin mutanenmu a can, shi zai raka ka ya yi maganar. Kai dai ka zauna ka sunkuyar da kai, wannan kam ka iya.

Yayarka,
Torika

Suva, 16 ga Nuwamba, 1998

Yaya,

Na gaishe ki da kyau. Ina lafiya. Ki riƙa shafa wa gwiwar man kwakwa mai ɗumi, ki kuma daina ɗaukar ruwa da kanki, jikokinki ba ado ba ne.

Ƙunshin ya iso. Igiyar ta fara sakewa ta gefe guda, na sake murɗa ta. Na kuma je ofis na karɓo takardar izinin fita da ita ƙasar waje, don ba a fita da tambua haka kawai. Yini guda na yi a layi. Kada ki ɗauki wannan a matsayin alkawari. Na dai karɓo ne don kada a ce ban karɓo ba.

Abu ɗaya nake so ki tuna. Watan Janairu ne, zafi kamar a gasa biredi a kan dutse, kuma garinmu ba shi da ɗakin sanyi na ajiye gawa. Ni na yi akwatin da hannuna, ni na kwana uku ina duban teku. Har yau ban ga laifin da na yi ba. Wanda aka yi wa laifi ake kai wa tambua, ni kuwa ban san wanda na yi wa ba.

Unaisi ta aiko mini da rigar sanyi da wani takalmi mai igiya. Ta ce a jirgin nan ana cin abinci sau biyar a rana. Ban san me suke yi da yunwar da ta kai haka ba, tunda ba su tuƙi.

Zan rubuto miki daga can.

Ƙanenki,
Kitione

Auckland, Laraba 2 ga Disamba, 1998

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na sauka lafiya jiya da safe. Ma'aikacin da ya duba kayana ya ga tambua da takardarta, ya riƙe ta da hannu biyu, ya mayar mini. Na ji daɗin haka.

Masaukina ƙaramin ɗaki ne kusa da tashar jiragen ruwa. Jirginmu bai iso ba tukuna, sai Juma'a da asuba, ya tashi ƙarfe biyar na yamma. Na je na ga inda zai tsaya. Ginshiƙan wurin sun ci ruwa amma an kafa su da kyau.

Da na ajiye kaya na buga wa Ulaiasi waya. Matarsa ce ta ɗauka. Ta ce ƙanensa ya rasu a garin Labasa, can ƙasarmu, ya tafi tun ranar Asabar, sai bayan Kirsimeti zai dawo. Na yi mata ta'aziyya. Kin ga dai ba ni na hana ba.

To, tunda ba ni da abin yi, sai na shiga gari da ƙafa. Titunansu duk hawa ne, kamar wanda ya gina garin yana jin haushin tsofaffi. Mutane suna sauri, ba mai duban wani. Na gai da mutum uku a hanya, ɗaya ya amsa, ɗaya ya miƙo mini kuɗi. Ni da farar rigata da zanen cocina! Na ce masa ya riƙe abinsa. Bakin teku kuwa akwai wasu itatuwa da suka yi jan fure jawur, in iska ta kaɗa sai ƙasa ta zama ja. Da kin gani da kin ce a ciro miki reshe.

Na hau ƙaramin jirgin fito na haye ƙetaren ruwa, na hau wani tudu na zauna. Daga can ana ganin garin duka, da ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska rututu. Na ƙirga ɗari da sittin na gaji. Rabinsu a ɗaure suke ba mai hawa. Gidaje kuwa har inda ido ya tsaya. Na san ɗaya daga cikinsu na Eroni ne, amma ban san ta wace fuska zan duba ba. Na ci biredina na sauko.

Kada ki ce ban yi ƙoƙari ba. Yau da safe na ɗaura niyyar neman wani kakakin. Na ce garin da ke da mutanenmu haka ba za a rasa dattijo mai baki ba. Na bi bakin ruwa ina kasa kunne ko zan ji harshenmu. A wurin masu sayar da kifi sai na ji an ce daga bayana, "Kai, tsoho! Wannan tafiya ta mutanen tsibiran Lau ce, kuna takawa kamar ƙasa na tangaɗi."

Na juya na ga wani ƙato da wuƙa yana feɗe kifi. Na tambaye shi garinsu, ashe ɗan ƙauyen abokan wasanmu ne, sunansa Semesa. Na ce, "Shi ya sa. Tun daga nesa na ga kana ɓarnar nama a jikin ƙaya, na ce wannan a gidansu ba a taɓa kama kifin da ya wuce yatsa ba."

Ya yi dariya har ya ajiye wuƙar. Ya ce, "Bawana ya zo! Zauna in ba ka kan kifi, abincinku na gado." Ya kawo mini shayi da soyayyen kifi, ya ƙi karɓar ko sisi. Da hira ta yi daɗi na ce masa ina da tambuar da zan miƙa a wani gida, ina neman wanda zai yi magana.

Ya ce, "Ni? In na buɗe baki a gaban manya sai a mayar da bikin faɗa. Amma ka yi sa'a. Ka tafi unguwar Mangere ka nemi Eroni, ɗan garinku ne ma. Duk garin nan ba mai riƙe tambua kamarsa. Aure, mutuwa, sulhu, shi ake kira. Bara ya shirya wasu wa da ƙane da suka kai juna kotu, sai da alƙalin ma ya huta. In ya yi magana, dutse sai ya yi hawaye."

Na ce na gode. Ya ce, "Ka san shi?" Na ce na taɓa jin sunan.

Na tashi na hau tudu zuwa wani titi inda ake sayar da kayan gida. Na ga gwaza jibge a ƙofar wani kanti, da saiwar yanggona irin wadda muke jiƙawa a sha a taro. Mai kantin Ba'indiya ce haifaffiyar garin Ba a can ƙasarmu, sunanta Urmila, harshenmu a bakinta ya fi na wasu jikokinki. Na sayi ɗauri guda, don ba a shiga gidan mutane hannu rabbana. Na yi mata tambayar da na yi wa Semesa. Ba ta ko ɗaga kai daga sikeli ba ta ce, "Eroni mana. Wa kuma? Bari in rubuta maka lambar motar da ke zuwa unguwarsu." Ta rubuta a bayan takardar ƙunshi.

Kin ji, Yaya. An gudu ba a tsira ba. Kakaki ɗaya ne a garin nan, kuma shi ne mai gidan da za a je. Tun muna yara haka yake. Ni in yi aiki, shi ya yi bayani. Ranar da aka nema mini aure shi ya riƙe tambua, yana ɗan shekara ashirin da biyu, surukaina suka ce ko shi ne angon. Ni ban taɓa miƙa magana a taro ba, kuma ba zan je in zauna a gidan mutum kamar kurma a yi mini dariya ba. Ba a yin abin nan ba kakaki, ke ma kin sani.

Da yamma na shiga gidan tarihin jiragen ruwa. Suna da kwalekwale irin namu mai gungumen gefe. Wanda ya ɗaure shi ya san aiki, ɗauri tara ne a kowace gaɓa kamar yadda Baba yake yi. Na kai hannu, mai gadi ya ce ba a taɓawa. Gobe zan koma in sake dubawa da kyau. Tambua tana cikin jaka a naɗe, zan dawo miki da ita lafiya.

Ƙanenki,
Kitione

Lomaloma, 15 ga Disamba, 1998

Baban Unaisi,

Na gaishe ka. Ina fata ka isa Sydney lafiya, don ta hannun Unaisi nake aiko wannan. Gwiwa tana nan, kada ka tambaya.

Takardarka ta iso da jirgin saman ranar Alhamis. Shafi huɗu! Na san yawan jiragen da ke ɗaure a Auckland, na san launin furensu, na san wanda bai iya feɗe kifi ba. Na karanta har ƙarshe ina cewa yanzu zai ce ya je, sai na tarar da kai a tsaye kana ƙirga ɗaurin kwalekwale. Ka ƙetare teku, ka hau tudu, ka haye ruwa, amma motar da aka rubuta maka lambarta ta gagare ka. Zumunci a ƙafa yake, kai kuwa ka ƙarar da taka ƙafar a kallon gari.

Na jira jirgi na gaba ko akwai wata takardar. Babu. Na je gidan waya da kaina, yarinyar ta zazzage buhun a gabana. Na dawo gida na kasa cin abinci. Ashe da gaske kake, ka shiga jirgin ka tafi kana cin abinci sau biyar a rana.

Ka ce za ka dawo mini da ita lafiya. In yi me da ita? Ba don ta ga Auckland na aika ta ba.

Yanzu fushin ya ɗan sauka, bari in faɗi abin da ban taɓa faɗa ba, ko a takarda. Ka ce ba ka san laifinka ba. Gaskiya ne, ba ka da shi. Ran na huɗu da safe ni na fito daga ɗakin da Inna take kwance. Ni na karya al'ada na zo na tsaya gabanka a rumfar sassaƙa, na ce maka ba zan iya ƙara yini ina kallon yadda take komawa ba, ka rufe ta. Kai ka ce a ƙara kwana ɗaya, jirgi zai zo. Na yi kuka na kama ƙafarka. Ka ɗauki guduma ka tafi. Da Eroni ya iso yana zaginka a gaban jama'a ina tsaye a bayanka, ban ce uffan ba, kai ma ba ka waiwayo ba. Shekara ashirin da biyu kana ɗauke da kayana, sai kuma na ƙara maka da aike. Na ji kunya.

In ba ka je ba, shi ke nan, ba zan sake tayar da maganar ba. Ka huta wurin 'yarka, ka ci Kirsimeti lafiya. Ciyawa kuwa na saba da ita.

Yayarka,
Torika

Cikin jirgi, Asabar 5 ga Disamba, 1998

Yaya,

Gaisuwa. Ina lafiya, teku a kwance take. Jirgin nan ba jirgi ba ne, gari ne aka sa masa inji. Na ɓata sau biyu tsakanin ɗakina da wurin cin abinci. Amma ba wannan zan gaya miki ba.

Jiya da safe na kai akwatina tasha aka karɓa. Suka ce za a rufe ƙofa ƙarfe huɗu. Na duba agogo, tara da rabi. Jakar hannu tana kafaɗata, da tambua da yanggona a ciki. Na ce bari in hau motar nan da Urmila ta rubuta mini lambarta in ga unguwar kawai, in san ta wace fuska take, in dawo. Wallahi niyyata ke nan.

Ban sha wuyar gane gidan ba. Akwai gwaza a gaba, kuma ƙyauren shingen a karkace yake yana jan ƙasa. Ina gani na ce Eroni ne ya kafa wannan. Na tsaya ina duba inda ya buga ƙusa, ya sa ta a bakin katako inda dole ta tsage. Ina cikin jijjiga ƙyauren sai matarsa Losana ta leƙo. Ta dube ni, ta dafe ƙirji, ta ce, "Yaya Kitione?" Daga nan ba hanyar gudu.

Na cire takalmi na shiga a sunkuye, na zauna bakin ƙofa inda baƙo ke zama. Yana can saman tabarma yana karatun jarida. Ya tsufa, Yaya. Kansa fari fat, ya zama Baba sak. Ya naɗe jaridar. Bai ce sannu ba, ban ce ba. Na ajiye yanggona a gabana, na ciro tambua, na riƙe haƙorin da hannu ɗaya, igiyar da ɗaya. Na buɗe baki. Duk kalmomin da na ji ana faɗa tun ina yaro suka gudu.

Can ya ce, "Wa ke magana da yawunka?"

Na ce, "Babu."

Ya ce, "Kai kaɗai ka zo? Da tambuar Baba? Ba kakaki?"

Na ce, "Na nema. Duk wanda na tambaya sai ya ce in zo wurinka."

Losana ta toshe baki da gefen zane. Sai ya dafa bango ya tashi, ya zagayo ta gefen tabarma, ya zo ya durƙusa kusa da ni a bakin ƙofa. Ya ce a hankali, "Kawo nan. Ka riƙe ta a juye ma. Shekara sittin da bakwai ba ka iya riƙe tambua ba." Ya karɓa, ya gyara zama, ya fuskanci wurin da ya tashi, inda ba kowa sai jarida da tabarau. Ya yi gyaran murya ya fara, da muryar nan tasa ta taro.

Ya kira sunan gidanmu da na kakanninmu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Ya mai gida, ga yayanka ya zo daga nesa. Ya zo shi kaɗai, ba don raini ba, sai don ƙanen da ke yi masa magana ya gudu ya bar shi shekara ashirin da biyu. Mutum ne da bakinsa yake a hannunsa. Shi ya yi wa uwarku akwati, shi ya tsaya kwana uku a rana yana duban teku. Ya rufe ta ba ka nan, wannan ya ƙona maka rai, kuma ya zo ya ce ka yafe. Amma mai gida, kai ma ka san ba a ajiye gawa kwana huɗu a watan Janairu. Ka sani tun kana kan jirgi. Baƙin cikin rashin ganin fuskarta ne ka rasa inda za ka sauke, ka sauke a kan wanda ka san ba zai rama ba. Kana shirya 'ya'yan mutane, naka gidan a tsage. Ga ƙaramin haƙori da gajeriyar igiya. A binne abin da ya wuce."

Da ya kai nan ya tsaya. Ya mayar mini da tambua a hannu, ya sake dafa bango yana cewa, "Aiki biyu da gwiwa ɗaya, Allah ya isa." Ya koma saman tabarma ya zauna a wurinsa, ya sa tabarau, ya ce, "To, miƙo."

Na ja gwiwa na miƙa. Ya karɓa da hannu biyu, ya kai ta hanci ya sumbata. Ya ce, "Na karɓa. Kakakinka ya iya magana." Muka tafa hannu yadda ake yi, mu uku. Daga nan ban san wanda ya fara kuka ba. Na riƙe kansa kamar lokacin da ya faɗo daga itacen kwakwa yana yaro. Na ji daɗi, Yaya, irin wanda ban ji ba tun Inna na da rai.

Losana ta dafa gwaza da kifi cikin madarar kwakwa. Muka jiƙa yanggona muka sha ƙwarya bibbiyu. Ya tambaye ki, ya tambayi kowa har da waɗanda suka mutu bai sani ba. Sai na ce a ba ni guduma. Ya ce, "Jirgi zai tafi ya bar ka." Na ce ba zan bar ƙyauren nan haka ba, mutane suna wucewa suna cewa ɗan gidan masassaƙa ne. Na cire shi na sake kafawa, yana tsaye a kaina yana ba ni shawarar da ban tambaya ba. Ƙarfe huɗu saura minti goma ya sauke ni a tasha, yana tuƙi kamar an biyo shi.

Ya ce in gaya miki zai zo a watan Mayu, shi da Losana. Ya ce a nemi siminti.

Ƙanenki,
Kitione

Ƙari, Sydney, 29 ga Disamba. Takardarki ta iso yau, sai na gane ba ki ga wannan ba. Na rubuta ta a jirgi, ban san inda ake jefa wasiƙa ba, na sa ta cikin Littafi Mai Tsarki don in aika daga nan, na manta. Ki yafe mini kwanakin da kika yi ba ki ci abinci ba. Maganar rumfar sassaƙa kuwa, ni ban tuna ta haka ba. Gudumar a hannuna take. Ki bar ta nan.

Lomaloma, 12 ga Janairu, 1999

Baban Unaisi,

Gaisuwa, da barka da sabuwar shekara. Gwiwa ta yi sauƙi, ko kuma na manta da ita.

Takarda ta yi kwana ashirin da huɗu cikin Littafi Mai Tsarki ba ka gan ta ba. Yanzu na san yawan buɗe shi da kake yi. Zan gaya wa fasto.

Na karanta ta a tsaye a gidan waya, na zauna a kan buhun wasiƙu na sake karantawa. Yarinyar ta ɗauka mutuwa aka yi, ta kawo mini ruwa. Na ce mata a'a, ƙannena ne guda biyu, ɗaya ba baki, ɗaya baki biyu.

Ka ce in bar maganar rumfa. Ba zan bari ba. Na rubuta wa Eroni da hannuna, takardar tana cikin buhu ɗaya da wannan. In ya ga dama ya zagayo ya yi magana da yawuna ni ma.

Na gaya wa kyaftin ya kawo siminti a zuwansa na Afrilu, samari za su kwaso yashi da farin dutse daga bakin teku. Kai ka zo da kayan aikinka, shi ya zo da bakinsa, kada dai ka bari ya taɓa awo.

Jiya da safe na hau wurin Inna. Ruwan nan ya sa ciyawa ta sake rufe ta. Na durƙusa na fara cirewa, na ce mata, Inna, ki ƙara haƙuri kaɗan, 'ya'yanki maza suna tafe, su biyun.

Yayarku,
Torika